Tsumman da ke Aljihun Zakaran Jamus

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka, da duk mai cin tuwo a gidanmu na Abakpa, har da waɗanda ba a gayyata ba. Allah Ya tsare ku, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ni ma lafiya, in ka cire gwiwa da ƙugu, da sanyin nan da muka shekara goma sha ɗaya tare, bai saba da ni ba, ni ma ban saba da shi ba.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta sau uku, na ukun a zaune. Ka ce wata ƙungiyar ƙwallo ta Legas ta kira ka gwaji, kuma ƙarshen wata za ka miƙa takardar barin aiki a ma'aikata, aikin da Kawunka Sale ya cinye takalmi biyu kafin ya samo maka. Ka rubuta cewa, "Baba, jini ba ya ƙarya, sawunka zan bi." Ka ƙara da cewa za ka sauke hotona na falo ka sa a akwatinka, ya zame maka ƙarfin gwiwa. To Abba, saboda hoton nan na zauna rubutu. Ba zan ba ka labarin nan ƙasar ba, don babu shi: ƙanƙara ta zubo, mun kwashe, ta sake zubowa. Kurakuraina zan shimfiɗa maka, ka duba wanda kake so ka gada.

Na farkonsu ya faru kana ɗan shekara takwas. Ma'aikatarmu ta shirya tseren ma'aikata, daga Rigachikun zuwa ƙofar ofis. Na shiga ne don an ce akwai lemo da burodi a ƙarshe. Ina da ɗan gudu ba laifi, irin na mutumin da ya saba makara motar ofis. Amma akwai mutum shida, masinjoji da direbobi, waɗanda tun ba mu bar Rigachikun ba suka ɓace mini da gani. A gabansu akwai mai babur da aka ɗauka ya nuna hanya. Da suka iso Kawo sai mai ya ƙare masa, bawan Allah ya karya kwana ya shiga lungu neman 'yan bumburutu. Su kuwa an ce musu su bi babur, suka bi shi har gindin galan. Ni da nake can baya ban ga sun karya ba, na miƙe samɓal. Ina isowa na tarar an ɗaura zare ana tafi. Wallahi sai da na waiga in ga wanda ake yi wa.

Aka ba ni kofi da agogon bango. Da na karɓi agogon nan na yi godiya na koma teburina, da yanzu ina Kaduna da tumbina, ana ce mini Alhaji, ina jiran fansho. Amma sai na yarda. Ba mutane suka ruɗe ni ba, ni na ruɗi kaina. Na fara zuwa ofis da takalmin gudu. Na daina cin tuwo da rana, wai yana sa nauyi. Ɗanjuma masinja, wanda shi ya kamata ya zo na ɗaya, kullum in ya kawo fayil sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in kai, ko kai za ka ruga da shi?" Sai da na zo Jamus na gane ba'a yake yi mini.

Don haka, duk ranar da aka tafa maka, kafin ka ɗaga hannu ka waiga ka nemi mai babur. Sau da yawa yana nan. Wata rana mai tsaron gidansu ne ke zazzaɓi, wata rana iska ce ta karkata ƙwallon. Ka karɓi kofin, halal ɗinka ne, amma kai ka san yadda aka yi.

Shekara na zagayowa aka turo ni nan kwas na wata shida, koyon gyaran injin ɗab'i. Ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai ina kallon talabijin, sai na ga 'yan tsere ana rataya musu zinare, ana ba su furanni. Na ce ai waɗannan abokan sana'ata ne. A ranar na ɗauki biro na rubuta wa shugaban sashenmu takardar barin aiki, shafi uku, biyu da rabi baƙar magana, da Turancin da na tsinto a ƙamus. Na gaya masa ni ba zan tsufa ina buga hatimi kamarsa ba. Ban kwana da ita ba, ban nuna wa kowa ba, da zafinta na jefa ta a akwatin gidan waya. Mako na zagayowa na je ƙungiyar 'yan gudu ta garin. Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa sa'ar kakarka ta wuce ni, ta ci gaba, sannan ta dawo da baya ta tambaye ni ko a kira likita.

Amsar shugaban ta zo, layi ɗaya: an karɓa, Allah Ya ba da sa'a. Na yi shekaru ina jin haushin mutumin nan, alhali bai yi mini komai ba. Ni na rufe ƙofar, na kuma jefa makullin a rijiya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa, dubu ba ta fitarwa.

Ba zan gajiyar da kai da shekarun da suka biyo baya ba. Na wanke kwanukan da in aka jera su za su kai Zariya. Daga ƙarshe Allah Ya jefo ni wannan ƙauye na cikin duwatsu, a kudancin ƙasar, gidan saukar baƙi na mutumin da nake yi wa aiki har yau. Shi nake so ka sani, don shi ne ainihin mai hoton da za ka sa a akwati.

Maigidan nawa tsohon zakara ne na wani wasa da ba mu da shi, kuma Allah Ya kyauta mana da ba mu da shi. Mutum zai ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya goya bindiga a baya kamar mai jego, ya yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara, hawa da gangara, har zuciyarsa ta taho wuya. Yana cikin wannan haki sai a ce ya tsaya, ya sauke bindiga, ya harbi baƙaƙen ɗigo biyar da ke can nesa, kowanne bai fi bakin kofin shayi ba. Wani zagaye a kwance rub da ciki, wani a tsaye. Duk ɗigon da ka kuskure, sai ka shiga wani ɗan da'ira ka yi zagayen horo, abokan tserenka na wuce ka kana kallo. Ranar da aka fara bayyana mini na ce, wanda ya ƙirƙiro wannan ba ya ƙaunar mutane.

A zamaninsa babu kamarsa. Matarsa ta nuna mini jaridu cike da kwali. Fuskarsa ta hau gwangwanin alewa, ta hau kwalin madara, har cuku an yi mai hotonsa. Ma'aikacin gidan waya na ƙauyen ya taɓa kai ƙara saboda buhunan wasiƙun 'yan mata sun lanƙwasa masa keke. In ya shiga gari, motoci tsayawa suke yi. Lambobin yabonsa suna nan cikin kabad ɗin gilashi a ɗakin cin abinci, kuma na fi kowa saninsu a duniya, har shi, domin ni nake goge su duk ranar Alhamis.

Yanzu fa? Gwiwoyinsa sun fi nawa lalacewa. Shi yake ɗaukar wa baƙi akwati in ina wani aikin. Rannan wani saurayi da matarsa suka sauka a nan, suka tsaya gaban babban hotonsa na ƙuruciya da ke bango, shi kuma yana gefe yana jera cokula. Saurayin ya ce, "Tsoho, ɗan matsa, za mu ɗauki hoto da jarumin nan." Ya matsa. Yarinyar ta ce, "Ko ma ka ɗauke mu." Ya karɓi kyamara, ya ce su ɗan yi murmushi, ya ɗauke su. Da suka haura sama na ce, "Maigida, don me ba ka gaya musu ba?" Ya ce, "Shu'aibu, wancan suke so. Ni ma na fi son wancan. Ɗauko tsintsiya."

Waɗanda suka gane shi kuma, gara waɗanda ba su gane ba. Mutumin nan ya ci gasa ba adadi, amma duk baƙon da ya zauna ya ƙoshi, tambaya ɗaya ce: "Yaya aka yi da harbi na biyar?" Wai a wata babbar gasa yana gaba, saura ɗigo ɗaya, ya kuskure, ya shiga zagayen horo, mutum biyu suka wuce shi. Shekara da shekaru ke nan, amma kullum sai an dafa masa ita an ba shi ya ci. Haka mutane suke, a nan da Abakpa duk ɗaya. Ka ci ƙwallo ashirin, ka ɓarar da ɗaya, sunanka mai ɓararwa har jikokinka.

Ni ban taɓa tambayarsa ba, shi ya sa ya gaya mini. Muna kwashe ƙanƙara a ƙofar gida da safe, ya jingina da shebur ya ce, "Huɗu sun faɗi. Sai na ji filin gaba ɗaya yana kiran sunana. Na saurara, Shu'aibu. Daɗi ya kama ni. Ban jira numfashina ya sauka ba, na danna." Ya ci gaba da kwasa, can ya ƙara da cewa, "Gudu ba komai ba ne, jaki ma yana da ƙafa. Tsayawar ce wasan." Na tuna takardata mai shafi uku. Shi zagayensa na horo bai kai minti ɗaya ba. Ni nawa yau shekara goma sha ɗaya, ban fita daga da'irar ba.

Zan yi masa adalci. Mutum ne mai rowar magana, in ya ce maka sannu to ranar haihuwarsa ce. Yana tashe ni kwasar ƙanƙara tun hantsi bai yi tunanin fitowa ba, kuma a gidansa na ci dankalin da ya ishe ni har kabari. Amma shi ya ware mini tukunya da kwano da ba sa haɗuwa da alade. Shi ya ɗauko allurar nuna gabas ta zamanin wasansa ya gano mini alƙibla, ya zana ta da alli a ƙasan ɗakina. In azumi ya zo, ba ya cin abinci a gabana. Kada ka raina mutum don ba ya dariya, kada kuma ka amince masa don yana yi.

Sau ɗaya tak ya horar da ni a wasan nasu. Ya ɗaura mini katakan nan, ya goya mini bindiga. Abba, ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Kafin in isa wurin harbi na faɗi sau tara, sau biyu a wuri ɗaya. Na kwanta, na rufe ido ɗaya, na yi bisimilla, na saki biyar. Sai na ji tafi! Ɗigo uku sun faɗi. Na miƙe ina duban jama'a kamar ranar Rigachikun. Maigida ya matso, ya duba allona, ya duba na wani likita da ke kusa da ni, ya ce, "Ka iya harbi. Amma na wancan likitan ka harba masa. Naka biyar suna nan lafiya." Likitan ya ɗaga mini hula ya wuce, ni aka tura ni zagaye biyar, na yi uku a kan katako, biyu a kan ɗuwawu.

To, ga maganar hoton.

Wata Alhamis ce. Na fito da lambobin ina gogewa, bindigarsa ta da tana jingine, matarsa ta shigo da kyamara ta ce saura hoto ɗaya a fim ɗin, tana so ta kai wanki. Ta ce, "Shu'aibu, tsaya in ɗauke ka, ka aika wa iyalinka." Ka san al'adarmu. Duk wanda ya je waje sai ya aiko hoto ya jingina da motar da ba tasa ba. Ni ban samu mota ba. Cikin wasa na rataya lambobin nan guda huɗu a wuya, na goya bindiga, na fita ƙofar gida inda ƙanƙara ta kai gwiwa, na ɗaga haɓa. Ta yi dariya ta danna. Da aka wanko na sa a ambulan na aiko. A bayansa ban rubuta komai ba. Na daɗe ina kare kaina da wannan, wai ai ban rubuta ƙarya ba. Amma ban rubuta gaskiya ba, kuma na san abin da za a ɗauka. So nake a ɗauka ɗin. Na gaji da zama mutumin da ya bar aikin gwamnati ya je wanke kwano.

Sauran aikin Baffanka Isiyaku ne ya ƙarasa. Shi ya kai hoton aka faɗaɗa shi, aka sa gilashi, ya sa mai rubutun allon shago ya rangaɗa ZAKARAN JAMUS a ƙasa da jan fenti. Daga nan labari ya yi ƙafa. A majalisar ƙofar gidan Alhaji Tanko aka ce na kayar da Turawa ɗari. Kafin ya kai Kawo sun zama dubu, har da damisar ƙanƙara da na harbe da ido a rufe. Wani malami a Rigachikun ya ce shi ya ba ni laya kafin in tafi, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Mai shayin bakin layinmu ya sa wa teburinsa sunana. Duk wasiƙar da ta zo da sabon ƙari, sai in ce gobe zan rubuta in gyara. Goben ce ta kai shekara takwas.

Ka tuna zuwana gida sau ɗayan nan? Kana cikin waɗanda suka ɗauki jakata. Baffanka ya zo tasha da makaɗa. Aka tambaye ni ina lambobin, na ce gwamnatinsu ta ajiye a gidan tarihi. Kwana uku da zuwana dattawan Katabu suka aiko, wai shirwa ta addabi 'yan tsakinsu, ga bindigar toka, ga Zakaran Jamus a gari. Na je, don ba yadda zan yi. Rabin gari ya fito. Shirwa ta zo ta zauna a kan tsamiya tana kallona, na rantse ta san ni. Na karɓi bindigar, na juya ta, na shinshina bakinta, na lasa yatsa na ɗaga sama, sannan na mayar musu na ce dokar gasa ta hana mu harbi in babu ƙanƙara. Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji manya. Komai da ƙa'ida." Aka ba ni zabbi biyu na dawo. Ana yabonka salla ka kasa alwala. Ranar ban iya cin naman zabbin nan ba, kai ka cinye nawa. Kuma gaskiyar abin da ya sa ban sake zuwa ba ke nan, ba aiki ba ne, ba takardu ba ne. Tsoron shirwa ta biyu ne.

Mutum ɗaya ce ban taɓa ruɗa ba. Wata guda da aika hoton, wasiƙar Ummanka ta zo. Ta ba ni labarin kowa, ta ce ka ci jarrabawa, ta ce rufin kicin yana yoyo. Can ƙasa, bayan ta sa hannu, ta ƙara layi biyu: "Hoto ya iso, ka yi kyau, ka yi ƙiba. In za a sake ɗauka, ka cire tsumman goge-goge daga aljihu." Je ka duba yanzu, aljihun hagu, abu rawaya yana leƙowa. Baffanka ya gaya wa mutane tutar ƙungiyarmu ce. Shekara takwas matar nan tana share ƙurar gilashin nan, baƙi na zuwa suna santi, tana ba su ruwa, ba ta taɓa ɗaga gira ba. In lokacin aure ya zo, ka nemi irinta, wadda za ta ga tsumman, ta gaya maka kai kaɗai.

Da na gama karanta wasiƙarka na rasa wanda zan gaya wa, sai na gaya wa Maigida, tun daga Alhamis ɗin har shirwar Katabu. Na ɗauka zai kore ni. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta fito da ruwa a guje. Da ya lafa ya ce, "Kana nufin akwai garin da har yanzu ake zuwa kallon lambobina?" Na ce har da baƙi daga Zariya. Ya dubi kabad ɗin, ya ce, "Sun fi samun daraja a wuyanka." Sannan ya haɗe rai kamar kullum ya ce, "Amma yaron zai danna yana haki. Rubuta masa yau. Na ba ka hutun rabin yini, rabi fa."

To ka ji. Ubanka ba zakara ba ne. Jinin da ka ce ba ya ƙarya, a wannan karon ya yi.

Ban ce kada ka je ba. Ni ban taɓa ganin ƙwallonka ba, kuma wannan ma laifina ne. Kawunka Sale, wanda ba ya yabon ko miyar matarsa, ya rubuto mini cewa ƙafarka ta hagu tana magana. Mai yiwuwa kai kana da abin da ni na ara. In haka ne, ba ni da hakkin in danne ka don ni na faɗi. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Yanzu kana cikin haki, unguwa na kiran sunanka, kuma na san daɗin. Kada ka danna. Takardar barin aikin nan, ka sa ta ƙarƙashin katifa ta yi kwana bakwai. Ka ɗauki Kawunka ku je wurin shugabanka, ka cire hula, ka nemi hutu ko da ba albashi, ka je gwajin. In sun ɗauke ka da takarda a hannu, sai ka dawo ka yi sallama da mutunci, layi uku, duka godiya. In ba su ɗauke ka ba, ka dawo teburinka, ka yi zagaye ɗaya na kunya, mako biyu an manta. Zagaye ɗaya ba ya kashe mutum. Maigida ma da ya yi shi, na uku ya zo.

In ka isa can, ka riƙe sallarka, ita ce wurin tsayawar da aka ba mu sau biyar. Ka gaida mai wankin riguna da mai share fili da sunansu, watakila wani a cikinsu an taɓa buga fuskarsa a kwalin madara. Ka lallaɓa gwiwoyinka, su za su raka ka bayan masu tafi sun watse. In ka zauna a benci wata uku, ka rubuto mana cewa kana benci. Kuma don girman Allah kada ka jingina da motar kowa.

A cikin ambulan ɗin nan akwai sabon hoto, jiya aka ɗauka. Dogon mai furfura da shebur, shi ne zakaran. Gajeren mai shebur da hular sanyi har kunne, ubanka ne. Na bar tsumman a aljihu da gangan, ka gaya wa Ummanka na ji maganarta, na ƙi bi. A bayansa na rubuta sunan kowa da aikinsa. Wannan za ka sa a akwati, in har kana so. Na falon kuma na bar muku shawara kai da ita, ku sauke ko ku bari. Amma in an tambaye ka, kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kan ƙaryata, ta isa haka.

Na yanke shawarar zuwa Babbar Salla in Allah Ya kai mu. Ba lamba, ba bindiga, sai ni da gwiwoyina. Zan je Katabu da kaina in mayar da zabbi biyu. Wannan ba ya ba ni tsoro yanzu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne in sauka a tasha in duba cikin masu tarba in rasa ka, ba don kana Legas ba, sai don ka karanta wannan. In ka ga ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba, ni na saya da kaina. In kuwa za ka zo, ka zo kai kaɗai ka riƙe mini jaka kamar wancan karon. Ka ɓoye wa Baffanka ranar, kada ya kawo makaɗa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa, da sharrin masu tafi. Ya ba ka ƙafar gudu, Ya kuma ba ka abin da ya fi ta, sanin inda ake tsayawa. Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ubanka, wanda yanzu ka san ba wani aiki ba ne mai wuya. Ka gaida Ummanka, ka ce na gode, ta san na me.

Mahaifinka,
Shu'aibu